Karɓar Aiki

Shekara ashirin da bakwai
ana biyana don kada in runtsa.
Sito ne na aya da wake, bakin hanyar Ɗan Isa,
ni da tocila, da sanda, da wani kare mai kunne ɗaya.
Barci ya zo, in kore shi da shayi mai ɗaci.
Ya zaga ya dawo, in kore shi da goro.
Wanda ka kora sau dubu tara da ɗoriya,
ko cikinku ɗaya, sai ya yi zuciya.

Yanzu na aje aiki.
Na shimfiɗa tabarma a tsakar gida, nan Bagalam,
na ce masa bismilla, gidanka ne.
Ko sallama bai aiko ba.

Ran Litinin Tsahara ta shigo da ledar farmasi.
Gwangwani ne shuɗi, an zana jinjirin wata,
da wata mace tana murmushi cikin matashin kai.
Ta karanta mini Faransancin da yatsa a kai:
cokali guda cikin madara mai ɗumi,
rabin awa kafin kwanciya,
yana kwance jijiya, yana sanyaya tunani.
Nawa? Ta ce jaka shida.
Na ce ikon Allah,
kuɗin satina kenan na rashin barci,
yau shi ne kuɗin barcin.

Na sha. Ƙamshinsa irin na biskitin yara.
Ba zan yi masa ƙarya ba,
kafaɗa ta sauka, gwiwa ta bar ƙorafi.
Kunne ne bai sha ba.
Kunne ya tashi, ya ɗauki sanda, ya fita zagaye:
ɗan kabu-kabu na ƙarshe ya wuce Mokoyo,
kwanon rufin Na-Allah yana ƙas-ƙas, yana huce rana,
jar akuya tana tuƙa,
famfo na ɗiga cikin bokiti,
an ɗauke wuta, fanka ta yi juyi uku ta tsaya.
Na ƙirga kome, ba abin da ya ɓace.
Ba kuma wanda zan gaya wa da safe.

Hajo ta ce kinkeliba da na'a-na'a.
Wanzami ya ce zuma da kanumfari.
Na haɗa su duka da na gwangwanin,
cikina ya zama taron biki,
ango dai bai zo ba.

Dare na tara, Laminu ya fito fitsari.
Shekararsa bakwai, haƙoran gaba biyu babu.
Ya same ni zaune, ido kamar na mujiya.
Kaka, me kake tsaro?
Na ce gidan.
Ya yi shiru, ya sosa ciki,
ya ce to kawo tocilar, ka kwanta,
ni ne yau.

Na miƙa masa yadda ake miƙawa.
Na ce ƙofar baya sakatarta na da gardama,
akuya ɗaya ce, kaji biyar,
in ka ji motsi kada ka bi, ka yi tari.
Ya ce na ji.
Ya zauna kan turmi, ya miƙe wuya.

Iyakar abin da na sani kenan.

Rana ce ta taɓa ƙafata.
Asuba ta wuce ni, ladan bai same ni ba.
Ga sabon mai gadi a ƙasa, baki buɗe,
tocila a hannu, batir ya mutu.
Kaji biyar, akuya ɗaya.

Ashe barcina ba fushi ya yi ba.
Tsaye yake a bakin ƙofa tun tuni,
yana jiran a karɓe ni aiki.

Tsahara ta ɗaga gwangwani tana guɗa:
ba na faɗa ba? Ƙarshen wata zan ƙaro.
Ban ce mata kome ba, madarar da daɗi.
Na dai aiki yaro shago
ya sayo batir biyu.