Maraƙar da Ba Ta Tari

Marka ta kwana uku a bayan Bomo,
turke ya zama taɓo, igiya ta yi nauyi.
Na iso da akwatin ƙanƙara a bayan babur,
laka na tsotsar takalmina.

Malam Bappayo ya tare ni, sanda a wuya:
"Ga mai tarin can, ita ta hana mu barci.
Soka mata allura ki koma, Likita, hadari na haɗuwa."
Na ce ni ba likita ba ce, awon jini nake yi.
Ya ce duk mai riƙe da sirinji a ruga likita ne.

Maruƙa goma sha ɗaya a kan dangwali.
Na bi su ɗaya bayan ɗaya,
babban yatsa a gindin wuya har jijiya ta taso,
kowa da kwalbarsa, kowa da lambarsa.
Ta ƙarshe fara ce mai baƙin kunne,
ba tari, ba majina, ta tsaya cik.
Ta lashi hannuna.
Harshenta da ɗumi, amma wane harshe ne babu ɗumi?

A Samaru an ɗauke wuta.
Na jira Isuhu ya gama rarrashin janareta,
sannan inji ya wulwula kwalabe, minti goma.
Ja ya kwanta ƙasa,
ruwa mai launin man shanu ya taso sama.
A nan jiki ke ajiye asirinsa.

In huhu ya kama da wuta
hanta ce ke fara jin ƙauri,
sai ta saki 'yan aikenta cikin jini
su riga hayaƙi fita.
Sunayensu na boko suna karya haƙori,
ni dai yawansu nake ƙirgawa.

Mai tari, lambarta ƙasa-ƙasa,
da alama ƙaiƙayin dusa ne a maƙogwaro.
Fara mai baƙin kunne, lamba ta haura.
Na zargi idona, na zargi injin,
na sake awo.
Ta sake haurawa.

Tun kaka da kakanni saniya ta sani,
wanda ya nuna gajiya shi kura ke zaɓa.

Amma jini ba boka ba ne.
Ya ce ana gobara a gidan, bai faɗi ɗakin ba.
Cibiya ce? Gwiwa? Hanji?
Washegari na ɗauko Dakta Yahanasu,
ta durƙusa a taɓo, ta kafa abin saurare bayan hammata,
ta rufe ido.
Ta ce, "Zo ki ji."
Can ƙasa, ɓangaren hagu,
kamar ana taka busasshen ganyen mangwaro a nesa.

Bappayo ya fito da kwalbar da ya sayo Sabon Gari,
zai bi su duka sha ɗayan, kowa ya samu.
Dakta ta ce uku kawai, ga su, ga adadi, ga kwanaki.
Maganin da aka saba wa cuta da shi,
baɗi dariya za ta yi masa.

Ya daɗe yana kallon farar.
Ya shafa ƙaramin tozonta.
"Shekara arba'in ina karanta hanci da ido.
Wannan ta yi mini ƙarya."

Na ce, "Ba ƙarya ta yi ba, Malam, fulako ne.
A gidanka ta koya."

Ya yi dariya har sandar ta faɗi,
dariyar ta juye ta zama tari,
dogo, mai zurfi, wanda ya san hanya.
Ya rufe baki da hannun riga.
"Sanyin damina ne," in ji shi, ba wanda ya tambaya.

Na dubi jijiyar da ke kwance a damtsensa.
A aljihuna saura kwalba ɗaya,
babu lamba a jikinta.