Shaidu Uku

Ƙarfe uku da rabi rana ta tattara kayanta a Edinbara.
Disamba ba ta sallama.
Ina hawa na huɗu, taga na kallon bakin ruwa,
gabana ɗan faifai ne da bai kai farcen ƙaramin yatsa ba,
an ce in koya masa gani.

A cikinsa na haƙa rijiyoyi miliyan hamsin,
dubu za su kwana a kan ƙwayar gero ba su matsu ba.
Haske na sauka kamar yayyafi,
ni kuwa aikina ƙirga ɗigo:
wannan ta tumbatsa har ta shiga gidan maƙwabciya,
waccan ko gindinta bai jiƙe ba.

Ido uku za a dasa a bayan waya.
Na fari mahandami ne,
titi da sama da gefen kunnenka duk yana so,
har ya lanƙwasa ginin da magini ya miƙe.
Na biyu ɗan leƙen nesa,
shi har yau bai yarda
hangen Dala ba shiga birni ba ne.
Na uku ba shi da surutu,
shi ake tasa idan dare ya yi.

Na tsayar da su gaban bango ɗaya.
Wannan ya ce fari ne,
wancan ya ce a'a, da ɗan ruwan ƙwai,
na ukun ya rantse ya ga shuɗi.
Wata bakwai ina alƙalanci
tsakanin shaidun da babu maƙaryaci a cikinsu,
tazarar da ke tsakaninsu ba ta fi faɗin ƙwayar wake ba,
amma kowa da duniyarsa.

Morag ta shigo da shayi da allon gwaji:
murabba'ai masu launi, da 'yar tsana mai jan kumatu.
Ta ce, "Lissafi ya yi daidai, Ɗanlami, mu tashi."
Na ce, dakata.
Na kawar da 'yar tsanar, na ja kujera,
na rage fitila, na zauna a wurinta.

Shekara goma sha ɗaya ke nan
da na aika wa Gwaggo Indo hoton gama karatu.
Mu tara ne a jere bakin matakala,
takwas sun fito har da ɗigon da ke hancinsu,
ni kuwa haƙora ne da farar kwala.
Ta juya shi, ta kai shi bakin ƙofa, ta kira jika,
sannan ta aiko a tambaye ni:
"Shin ranar ba ka je ba ne?"

Ban taɓa gaya wa Morag ba.
Na dai nuna mata fuskata a kan gilashi,
goshi ya dagule, kumatu duk dusa,
inuwa ta haɗiye tsagen da ke gefen idona.
Ta daɗe tana kallo. Ta ajiye jakarta.

Muka zurfafa rijiyoyin.
Muka yi ta bakace, tsaba gefe, dusa gefe,
muka roƙi idon dare ya ara wa 'yan'uwansa abin da ya gani.
Ido ba mudu ba ne, an ce, amma ya san kima;
nawa mudu ne zalla,
kimar ce nake ɗura masa da cokali.

Daren jiya, wajen ƙarfe tara,
shaidun uku suka yi baki ɗaya a karon farko.
Ga tsagen nan, guda biyu, ɗaya ya fi tsawo,
yadda hannun wanzami ya goce.

Gwaggo ta rasu bara da kaka.
Na sa riga, na sauka, na tsaya jiran bas
a cikin ruwan da ba ya jiƙa mutum sai a hankali.