Layi Ɗaya Kowane Fito

"Madauki saba'in da biyu za ka ɗora," in ji tsohuwa Eduvina,
"kada ka ƙara, kada ka rage."
Ta miƙo mini tsinkaye biyu da suka girme ni,
da curin ulu mai warin tunkiya da hayaƙin murhu.
Ta auna bayan Rayen da hannunta,
taƙi biyu da yatsa uku,
ta koma kan ferar dankalinta, ba ta sake duba na ba.

Ni ma'aikacin jirgin fito ne a Dalcahue.
Igiya na sani, mai kaurin damtse,
wadda in ka yi sake take tafiya da fatar tafinka.
Yau ga ni da zaren da numfashi ke kaɗawa,
ina lallaɓa shi
kamar mai zare ƙayar kifi daga bakin yaro.

Daga gaɓar nan zuwa Quinchao
shayi ba ya hucewa an isa.
In motoci sun hau, na datse ƙafafunsu da katako,
sai in raɓe bayan ɗakin inji, inda ɗumi yake:
layi ɗaya a zuwa, layi ɗaya a dawowa.
Ranar da teku ta tashi da fushi saƙar kan tsuke,
hannu ba ya ɓoye tsoro.
Ranar da ta kwanta sai ta saki jiki.
Mai ido zai karanta watan Mayu kaf
a gadon bayan rigar nan.

Arsenio ya yi dariya har hularsa ta faɗi.
"Kaka, yaushe za ki saƙa mini safa?"
Kwana tara a tsakani
shi ne riƙe da zaren a hannu biyu ina naɗewa,
yana kallon ruwa, wai shi ba ruwansa.

Madauki ɗaya ya kuɓuce a layi na talatin,
ban lura ba sai a na arba'in da huɗu.
Ɗan rami, kamar gurbin haƙorin da ya fita.
Na kai wa Eduvina ina neman dabara.
Ta zare tsinken, ta ja,
fito goma sha huɗu suka warware a cinyarta,
zaren ya nannaɗe kamar gashin ɗan rago,
bai manta abin da ya taɓa zama ba.
"Iska," ta ce, "ba ta neman babbar ƙofa."

Ulu ya ƙare a hannun hagu, daidai gwiwa,
tunkiyar da ta ba da shi kuwa an cinye ta a biki.
Na ɗauko tsohuwar suwaitata ta aiki
na farke ta daga ƙugu.
Shi ya sa hannu ɗaya fari ne sol,
ɗayan ya rikiɗe launin toka a rabin hanya,
da ɗan warin man inji da ya gagari sabulu.

Maɓallai biyar, kowanne da gidansu.
Na wuya daga kwat ɗin mahaifina,
na ƙirji daga rigar aikin uwarta
mai kwana tana yankan kifi a masana'anta,
sauran ukun abin da gwangwanin biskit ya ga dama.

Ƙarshen Yuli na yanke zare da haƙori.
Rayen ta zura hannu,
wuyan hannunta ya leƙo waje yatsa biyu cur.
Ashe ina ƙirga layi, ita ma tana nata ƙirgen.
Ta sa maɓalli na biyu a kafa ta uku,
ta hana kowa gyarawa,
ta kai hannun tokar hancinta ta shaƙa,
ta ce, "Jirgi,"
ta fita cikin yayyafi bin kaji.

Eduvina ta leƙo ta kan shinge, ta daɗe tana kallo.
"Tamanin," ta ce. "Kuma ka fara gobe."