Zartsi

Da safe na ɗanɗani ƙasar gonata,
bakin Densu, bayan Dansoman,
sai harshe ya ce mini: miya ce.

Gambar da na dasa bara
ta tsaya iya gwiwa, ta ƙi gaba.
Bakin ganye duk ya babbake.
Ga saiwa tsundum cikin laima,
amma ƙishirwa ke kashe ta.
Wake ko tsiro bai yi ba,
balle zancen harawa.

Baba Tanimu ya ce da can
da ruwan rijiyar nan ake dafa shayi.
Yanzu teku ke biyowa ta ƙarƙashi,
ba sallama.
Rana ta shanye ruwan, ta bar farin ɓawo
a kan kunya.

Layya saura mako uku.
Raguna tara a Sabon Zango,
na Hajiya Lantana,
kuɗin ciyawarsu kuwa na riga na taɓa.

Jiya na sayo musu manda a Nima,
sidi ashirin,
suna lasa suna lumshe ido.
Na dawo na tsaya kan gishiri kadada guda
da ba mai taya shi.

Kirikiri kaɗai ta yi kore, can gefen kwata.
Gobe zan ɗebo saiwarta.