Dokin da Ya Koma Turke

A Aboabo, bayan shagon gyaran waya,
inda Sallau ke tafasa ataya sau uku,
nan muka zaunar da Inusa gaban kwamfuta.
Inusa tela, zakaran darar Turawa a Zango,
shekara goma sha ɗaya yana cinye ni
ban taɓa ganin zufa a goshinsa ba.

Ranar na gani.

Ya ɗaga doki, ya ajiye, ya saki.
Kafin ya haɗiye yawu ya gane
ya haƙa wa sarauniyarsa kabari.
Sai yatsa ya lallaɓa, kamar ɓera a madafa,
ya danna wurin nan mai mayar da jiya yau.
Doki ya koma turke.
Na'ura ba ta ce uffan ba.
Bayan minti arba'in ya kayar da ita.

Tun ranar ataya ta daina daɗi.

Malam Gariba, tsohon masinjan kotu a Adum,
ya daki benci har kofuna suka yi rawa:
"Abin da ka taɓa shi za ka tura!
Doka ce, ko da bango kake wasa.
Wanda ya ɗauki ƙwai a gidan da babu kowa,
don kaza ba ta yi kuka ba
sai a canza masa suna?"

Bawa direban trotro ya tuntsire da dariya:
"Wa aka cuta? Ku kawo mini mai ƙara.
Abin da ba ya jin yunwa, ba ya jin fitsari,
bai kwana kan keke yana ɗinkin Sallah ba,
ba a binsa kuɗin haya,
lissafi dubu kafin ka ƙyafta ido,
shi za a yi wa adalci?
Kun haɗa akuya kokawa da kura
kuna cewa akuya ta yi tsallen da ba ya cikin ƙa'ida."

Fulera mai wake da shinkafa na kankare tukunya,
ta jefo tata ba ta ko ɗago ba:
"Ni dai na ga ya waiga.
Kafin ya danna, ya duba hagu da dama.
Mai gaskiya me ya ajiye a bayansa?"

Kiran magariba ne ya raba mu.

Ni ban sa baki ba, don nawa bakin da ƙaiƙayi.
Sau nawa na roƙe shi, hannuna na rawa,
ya ce, "An taɓa, an taɓa, Tanimu."
Ni na biya sidi biyar na hayar kwamfutar,
ba don ilimi ba,
don in ga ranar da zai sunkuyar da kai.

Daren Laraba, wuta ta ɗauke, na je shagonsa.
Yana warware wuyan riga da reza a hasken waya.
"A sana'ata," in ji shi, "ɗinki in ya karkace
farkewa ake, ba a kiran alƙali."
Ya ja zare da haƙori, ya tofar.
"Amma da na gama, na miƙa hannu, ka sani?
Saboda sabo.
Hannun ya tsaya a iska kamar na mai tare mota.
Ba wanda ya ce mini ka iya,
ba wanda ya ce mini ka yi ha'inci.
Wannan shirun ne ke hana ni barci."

Ya jawo allon daga ƙarƙashin yadi.
Muka jera. Sauro na cin rabonsa.
A taku na sha tara na ɗaga doki,
na ajiye, na saki,
na ga ramin da na faɗa.

Inusa ya juya kansa wajen titi,
yana kallon motocin Kejetia na wucewa,
ya daɗe yana kallo,
ya daɗe ƙwarai.

Hannuna na sama da dokin.
Fulera ba ta nan.