Fenti Uku

Matar Ackroyd ce ta ƙwanƙwasa,
ranar Laraba, cikin yayyafin nan na Huddersfield
mai shiga ƙashi ba sallama.
Gwangwanin biskit a hannunta.
"Ya ce kai ne mai haƙuri a layin nan."
Ban san yaushe ya auna ni ba.
Gaisuwa ce kawai tsakaninmu, ta kan katanga,
shekara shida.

Na buɗe. Tankokin yaƙi goma sha ɗaya,
ba wadda ta fi kwalin ashana.
Wata ba igwa, wata sarƙar ƙafarta ta tsinke,
wata ta yi rigingine kamar buzuzu.
Warin taba, warin ajiya.

Kwana biyu suka yi a jiƙe cikin kwalbar zuma,
sannan na ɗauko tsohon buroshin haƙora.
Kore ya fara fita, koren dattijo,
ba ɗigo ɗaya a inda bai kamata ba.
Ƙarƙashinsa launin rairayi,
aikin saurayi mai gaggawa,
har ya bar sawun babban yatsa a gefe.
Can ƙasa kuma, manne da dalma,
ja! Ja wur, irin na ƙofar gida,
an lafta shi har ya toshe tagar direba.
Wannan kam yaro ne.

Na ajiye buroshi. Shayina ya huce.
Mutum uku na wanke a kwalba ɗaya,
kuma dukansu Ackroyd.

Babana fentin mota yake yi a Panteka.
Yakan ce tsatsa ba ta ƙarya,
fenti ne mai baki biyu.
Da zai ga ɗansa yau,
direban bas mai furfura, tabarau a karan hanci,
yana zana tsatsa da gangan
da buroshi mai gashi uku,
yana ɗiga lakar ƙarya a kan sarƙa,
da sai dariya ta tuge masa hula.

Igwar da ta ɓata, allurar Kubura ce ta maye ta.
Har yau tana nema, har yau ina taya ta.
Gam ya haɗe min yatsu biyu,
a haka na kwana.

Daren Alhamis, saman shagon kafet.
Tebur an rufe shi da koren bargo,
bishiyoyi na soso, kogi na leda,
ƙauye guda da ba kowa a cikinsa.
Gareth mai gyaran famfo ya zaro tef,
ya auna tsakanina da shi kamar tela,
ya jefa ɗan ludo. Shida.
"Taka ta ƙone," in ji shi,
ya ɗora mata auduga a ka.
Hayaƙin ke nan. Auduga.

Na taɓa ganin wanda ba auduga ba,
daga saman rufinmu, ina ɗan shekara tara,
yana tashi ta wajen gada
kwana uku bai gaji ba.
Ban gaya masa ba.
Na ɗauke ta, na hure,
na mayar da ita gwangwani, lafiyarta ƙalau.
Ya miƙo min biskit, muka sake jeri.

Goma na fenta.
Ta goma sha ɗayan na tsame ta da wuri,
na bi ta da tsinken sakace a hankali
har jan ya fito, na tsaya nan.
Ita na kai mata.

Ta juya ta a tafin hannu,
ta kai kusa da ido, ta nesanta.
"Shekara hamsin da ɗaya," ta ce,
"ban san shi da ja ba."
Ta jefa ta a aljihun rigar sanyi,
ta leƙa titi ta bayana,
ta tambaye ni ko masu shara sun wuce.