Inda Biskit Yake Tsayawa

Shekara goma sha ɗaya Lionel yana fita da karen nan,
kullum kafin ƙararrawar coci ta buga bakwai,
ni kuwa ina kicin, ina shirin tafiya gidan waya.
Ban taɓa tambayar ina suke zuwa ba.
Daji ne, na ce. Daji ai daji ne.

Washegarin da muka binne shi
Biskit ya ɗauko igiyarsa a baki
ya ajiye mini a kan ƙafa.
Na yi kamar ban gani ba.
Kwana huɗu muna wannan ja-in-ja,
ran na biyar na zura takalman robar Lionel,
sun yi mini yawa, na cusa tsohuwar jarida.

Ni ke riƙe da igiya, shi ke ja na.
Muka bi bayan makaranta, muka haura matakalar shinge,
gwiwata tana kuka kamar tsohon ƙyaure.
A makiyayar Dilwyn Prosser tumaki sun haihu,
ya hango mu daga kan tarakta, ya ɗaga murya:
"Hester, rage tsawon igiyar nan!"
Sai idonsa ya sauka kan takalman.
Ya cire hula.

Sannan daji.
Ban san safiya tana da irin wannan duhu ba.
Itatuwan nan sun girmi cocinmu, sun girmi sunan garin,
gansakuka ta yafa musu mayafi ta gefe guda,
ƙarƙashinsu furanni har inda ido ya gaji,
kamar an kifar da tukunyar shuni.
Maƙwaƙƙwafi yana ta aikin kafinta can sama.
Kurege ya zage mu, ya haye abinsa.

Biskit ba ya gani sosai yanzu, hanci ne idonsa.
Ya tsaya bakin ƙorama, ya lashi ruwa,
ya waiwayo yana jira.
Jiran me? Ashe nan ake jefa masa sanda.
Na jefa, ta faɗi nan kusa.
Ya dube ni da tausayi.

Ya sake tsayawa a wani kututture
wanda yawan zama ya goge shi sumul.
Na zauna. Ta tsakanin rassa ga tuddan Wales,
ga rufin gidanmu,
ga ma tagar kicin,
inda nake tsayawa kowace safiya ina ɗauraye kofi biyu.
Ban daɗe a wurin ba.

Tsayawa ta uku, gindin wata tsohuwa mai ramin ciki,
mutum biyu sa fake a ciki har ruwa ya ɗauke.
Ya zauna, ya kafa hanci a wani kogo.
Na zura hannu ina tsoron abin da zai cije ni.
Gwangwani.
Ciki akwai guntayen biskit na kare,
da ashana, da lofe, da ƙunshin taba.
Lionel! Wanda ya rantse a gaban likita
ya bar taba tun shekarar ambaliya.

Na zage shi da ƙarfi, tsohon munafuki,
kurciyoyi suka watse.
Na yi ta dariya har dariyar ta juye,
Biskit ya ɗora haɓarsa
a kan takalmin da ya sani.

Na ba shi rabonsa.
Na shinshina tabar, sau ɗaya, to, sau biyu,
na mayar da gwangwani mazauninsa.

A hanyar dawowa yayyafi ya soma,
Dilwyn yana jingine da ƙofar gona, filas a hannu.
Ya tsiyaya mini shayi a murfi.
Na ce, "Ka san da maganar tabar nan?"
Ya daɗe yana kallon tumakinsa.
"Ni nake sayo masa, ran kasuwa."

Gobe ƙarfe bakwai saura.
Zan tafi da sabon biskit.
Ashanar ma ta sha danshi, ina da wata a kicin.